Master of Reality ba a jin shi a lasifikar waya

Minti 34 ne gaba ɗayan shi, waƙa takwas, a cikin takwas ɗin ma biyu ba waƙa ba ce, ɗan kiɗan jita ne na share fage wanda kafin ka gyara zama ya ƙare. Amma ni dai in za a tara duk abin da ƙungiyar kiɗan Black Sabbath suka yi tun daga 1970 har suka tsufa suka ajiye, babu albam ɗin da ya kai Master of Reality nauyi, wanda suka saki a tsakiyar 1971. Na san da yawa cikin masu karanta wannan ko sunan su ba su taɓa ji ba, wasu kau sunan kaɗai za su ji su ce a'uzubillahi su wuce, to a ɗan yi haƙuri dai. Ni sana'ata gyaran amfilifaya da lasifika ce nan wajen Ƙofar Ƙaura, kayan DJ na biki, na masallaci, na masu tallan magani a mota, duk ta hannuna suke biyowa, kuma aikin ya sa kunnena ya saba da neman abu ɗaya a cikin kowane sauti, wato ƙasan shi, wurin da yake dukan ƙirji. Wannan albam ɗin kau ƙasa ne zalla.

Su huɗu ne kuma duk 'yan Birmingham ne ta Ingila, unguwar Aston. Tony Iommi ke riƙe da jita, Geezer Butler bes, wato jitar nan mai kaurin murya, kuma shi ke rubuta mafi yawan baitoci, Bill Ward ganguna, sai Ozzy Osbourne a baki. Kada ka ji an ce Ingila ka ɗauka 'ya'yan hutu ne, wlh ba haka ba ne. Birmingham garin ƙira ne da masana'antu, garin da jiragen Jamus suka yi ma ruwan bama-bamai a yaƙin duniya na biyu, su kuma an haife su tsakanin 1948 da 1949, sun taso suna wasa a kangon gidajen da bam ya rushe. Ozzy ya yi aiki a kwata, ya yi a wani kamfani yana gwada hon ɗin mota daga safe har yamma, har gidan kaso ya leƙa na sati shida saboda sata. Iommi kuma ma'aikacin kamfanin ƙarfe ne. To lokacin da samarin Amurka ke can San Francisco suna saƙala fure a gashi suna waƙar soyayya da zaman lafiya, su waɗannan hayaƙi suke shaƙa, kuma Ozzy ya sha faɗi a hira cewa waccan waƙar furen haushi take ba shi don ba ta yi kama da rayuwar da ke gaban shi ba.

Da farko sunan su Earth, blues suke kaɗawa a ƙananan kulob har can Jamus, sai aka tarar akwai wasu masu sunan, a 1969 suka koma Black Sabbath, sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963. Dabarar mai sauƙi ce, sun lura mutane na bin layi su biya kuɗin su a silima don a tsorata su, suka ce to mi zai hana mu yi kiɗan da zai tsorata mutane. Albam na farko rana ɗaya suka naɗe shi, aka sake shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970, ranar da Turawa ke camfawa. Yana buɗewa da ruwan sama da tsawa da ƙararrawar coci, tsoro ne irin na fim, kana ji ka san shirya maka aka yi, kuma in ka wuce waƙar farko sauran blues ne dai da ƙarfi, akwai busar harmonika, akwai waƙoƙin aro, akwai wata mai minti goma da jita ke ta sambatu ita kaɗai. Paranoid da ya biyo a Satumbar wannan shekarar shi ya ɗaga su, ya hau na ɗaya a Ingila, shi ne mai War Pigs da Iron Man, shi kowa ya sani. Yana da nauyi ba musu amma har yanzu iska na shiga, akwai gudu, akwai wurin da Bill Ward zai tsaya ya yi ta gwaninta a kan ganguna.

A Master of Reality suka rufe duk tagogin nan. Ba harmonika, ba waƙar aro, ba dogon surutun jita, hatta bangon albam ɗin ba hoto, baƙi ne wuluk da sunan su da shunayya, sunan albam ɗin kuma baƙin rubutu a kan baƙi sai ka shafa ka ji tudun shi. Sun shiga Island Studios a Landan farkon 1971 tare da Rodger Bain wanda ya haɗa masu na farko da na biyu, wannan karon akwai kuɗi akwai lokaci, kuma abin da suka yi da lokacin shi ne suka sauke komai ƙasa suka rage gudu. Dalilin saukewar kau ba wani tsafi ba ne, yatsu ne.

Iommi yana ɗan shekara 17, ranar shi ta ƙarshe a kamfanin ƙarfen, ya riga ya gama shiri zai bi wata ƙungiya yawon kiɗa, ya ma je gida cin abincin rana ya ce shi ba zai koma ba, mahaifiyar shi ta ce a'a, koma ka ƙarasa ranar ka. Ya koma aka sa shi a injin da ba shi ya saba da shi ba saboda mai injin ba ta zo ba, injin ya sauko ya cire mashi kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi mashi. Shi kuma bahago ne, ke nan hannun daman nan shi ke danne tsarkiya, wato daidai inda ake buƙata nan ƙaddara ta faɗa. A asibiti aka ce mashi ya manta da jita. Wani babba a wurin aikin ne ya kawo mashi faifan Django Reinhardt, makaɗin jitar da ya yi suna a Faransa, wanda gobara ta lalata ma yatsu biyu amma ya ci gaba da sauran biyun har ya zama gagarabadau. Daga nan Iommi ya samo robar sabulun wanke-wanke ya narka ta ya dunƙula, ya sa ayan ɗin soda mai zafi irin wanda nake riƙewa kullum a shago ya huda rami daidai dungun yatsan, ya goge ya goge har ta zauna, ya yanko fatar tsohuwar jaket ya manna a kai don kada ta riƙa zamewa. Tsarkiyar jita ta lokacin kauri gare ta tana fama mashi ciwo, sai ya riƙa surkawa da ta banjo mai siriri.

Ina da kawu da ya yi shekara da shekaru yana walda da yankan rodi, yatsan shi ɗaya guntu ne tun muna yara muke ganin shi haka. Da na ba shi wannan labarin na ce Kawu ka ji fa mutumin da roba ya ci gaba da sana'ar shi, sai ya yi dariya ya ce kai yaro, ai yankan ba shi ne abin ba, wannan kwana kaɗan ne ya warke, abin shi ne ka taɓa abu ba ka san ka taɓa ba, sannan in hunturu ya shigo kan dungun nan ya yi ta zugi. Kuma gaskiya ya faɗa, don shi Iommi ta cikin robar nan ba ya jin tsarkiyar, da kunne yake gane ko ya danne daidai, shekara sama da hamsin a haka.

To ko da siririyar tsarkiyar, dannewa da lanƙwasawa na yi mashi zafi, a wannan albam ɗin sai ya sassauta ta gaba ɗaya. A waƙa ukku, Children of the Grave da Lord of This World da Into the Void, ya sauke jitar mataki ɗaya da rabi, babbar tsarkiya daga E ta koma C#. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu ya san wannan, in ya matse a hammata muryar ta hau ta yi kaifi, in ya saki ta faɗo ta yi kauri tana gurnani, to haka nan jita take. A lissafi babbar tsarkiya a E tana girgiza sau 82 a sakan ɗaya, in ka sauke ta C# ta koma wajen 69, kuma tsaurin ta ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, shi ya sa yatsa ke samun sauƙi. Geezer ma ya sauke bes ɗin shi ya bi shi, daga 41 zuwa wajen 35, nan kuma an fara dosar inda ba kunne kaɗai ke ji ba har da ciki da haƙarƙari. Sannan sakakkiyar tsarkiya ba sautin ne kawai ke sauka ba, halin ta ma canzawa yake, in ka dake ta da ƙarfi sai ta ɗan haura kafin ta dawo ta zauna, tana lilo, ba ta da wannan tsaftar ta tsarkiyar da aka ɗaure tamau, ga shi kuma jitar shi Gibson SG ta cikin amfilifayar Laney mai bawul take bi an ƙure ta har tana ƙonewa, ga bes ɗin Geezer bai tafi nashi yawon ba, yana manne da jitar suna faɗin abu ɗaya tare, sai ka rasa ina jita ta ƙare ina bes ya fara. Wannan shi ne duhun da ake ta magana. Ba ihu ba ne, ba gudu ba ne, kauri ne da jan ƙafa.

Shi ya sa nake jin takaici in na tura ma wani ya kunna a waya ya ce shi bai ji komai ba sai hayaniya. Ai dole. Sautin da ke girgiza sau 69 a sakan tsawon igiyar shi a iska ya kusa mita 5, na bes ɗin ya kusa mita 10, ita kuma lasifikar waya ba ta kai farcen babban yatsa ba, ina za ta samu iskar da za ta tura? Abin da take ba ka shi ne saman kawai, ƙarar faranti da muryar Ozzy da ƙaiƙayin jita, gindin duk ta zubar. 'Yar ƙaramar MP ta aljihu ma kusan haka take. In ba ka da babbar lasifika to ko iyafis mai kyau wanda ke toshe kunne ka nema, ya fi.

Ni Into the Void ce ma'aunina a shago. In na gama naɗa koyil ko na canza takardar wufa mai inci 18, ita nake sawa, saboda minti ɗaya da wani abu na farkon ta jita ce da bes suna tafiya a hankali suna jan ƙafa, in akwai inda koyil ke gogar maganaɗisu ko akwatin na da sukurun da bai ɗauru ba to nan take zai tona kan shi, waƙoƙin biki na yanzu ba su nuna maka wannan don duk bugu ɗaya ne gajere. Akwai dattijo tela a jikin shagona, mutumin kirki, duk sanda na sa sai ya leƙo ya ce Injiniya, wannan kuma wane irin kiɗan aljanu ne da rana tsaka? In ce Allah gafarta Malam gwaji nake, yanzu zan kashe. Ya ce to gwada ka gama kafin a kira la'asar. Kuma ina kashewa, maƙwabtaka ta fi gwaji.

Maganar hukuncin kiɗa kam malamai sun yi ta kuma ni ba malami ba ne, ba zan zo nan in ba kowa fatawa ba. Amma maganar cewa wannan albam ɗin bautar shaiɗan ce, wannan ina iya magana a kai don na zauna na bi baitocin. Geezer Butler a gidan 'yan Katolika ya tashi masu riƙo sosai, kuma After Forever, waƙa ta biyu, tun daga farko har ƙarshe tambayar mai saurare take ko ya taɓa tunanin abin da zai tarar bayan mutuwa, ko kunyar abokai ce ta hana shi yarda akwai Allah. Aƙidar su ba tawa ba ce, wannan a fili yake, amma mutumin da ke cewa ka ji tsoron ranar da za a binne ka ba shi ne mai kiran ka zuwa ga Iblis ba. Lord of This World kuma an sa maganar a bakin shaiɗan ne yana yi ma ɗan Adam dariya, cewa kai da kanka ka zaɓe ni saboda kwaɗayi da son duniya, ni ban tilasta ka ba. Wanda ya san yadda shaiɗan zai barranta daga mabiyan shi ranar ƙiyama ba zai ji wannan baƙo ba. Su kansu sun sha wahalar sunan da suka ɗora ma kansu, kamfanin Vertigo ya buga gicciye a kife a cikin bangon albam ɗin farko ba da shawarar su ba, masu tsafi na gaske suka riƙa bibiyar su, har baban Ozzy wanda maƙerin kamfani ne ya ƙera masu gicciyen da suke ratayawa a wuya. Ba wanke su nake ba fa, wanda ya ɗauki sunan ban tsoro don ya sayar da faifai ba shi da bakin kuka in an tsorata da shi.

Children of the Grave ita ce zuciyar albam ɗin a wurina. Embryo ke share mata fage, sakan talatin ko ƙasa da haka, sai kawai ta shigo da sukuwa, jita da bes suna tafiya tare, a bayan su Bill Ward ya ƙara wasu ganguna a kan na asali suna ta ruguntsumi ta gefe guda, kai in ka ji ta a babbar lasifika sai ka ji kamar ana bin ka. Maganar ta kau yara ce da suka taso cikin tsoron yaƙi, lokacin ana tsakiyar yaƙin Vietnam, Amurka da Tarayyar Soviet kowa ya ɗana makamin nukiliya, waƙar na ce ma matasa in ba ku tashi kun gyara duniyar nan ba to ku 'ya'yan kabari ne tun yanzu. An rubuta ta don wasu yara a wata nahiya shekara hamsin da suka wuce, amma mu da muka ga abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, ɗalibai sama da 300 aka kora daji cikin dare, mu da muke da 'yan'uwa a Batsari da Jibiya da Safana waɗanda yaran su sun san ƙarar bindiga kafin su san karatu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Waƙoƙin mu na yanzu yawanci ko soyayya ko siyasa ko yabon mai kuɗi, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi abin da zai mantar da shi, amma wani lokacin ni ba mantuwa nake so ba, so nake in ji sautin da ya yi daidai da nauyin da ke ƙirjina, kuma wannan waƙar tana yi mani haka. Ƙarshen ta ma ba daɗi, kiɗan ya mutu sai wata raɗa da ƙugin jita.

Into the Void ita ma hakan take, wasu tsiraru ne suka shiga roka suka gudu suka bar duniya saboda yaƙi da gurɓata ta da aka yi. Shekara biyu ke nan da saukar Amurkawa a wata a 1969, kowa na murna, su kuma abin da suka hango a roka shi ne hanyar gudu.

Inda muka raba gari da su shi ne Sweet Leaf, kuma ita ce ta buɗe albam ɗin. Tarin da ake ji a farkon ta na Iommi ne na gaske, wiwi ya zuƙa ta sarƙe shi faifai na naɗa, suka yanko suka maimaita, waƙar kuma gaba ɗaya kirari ne ga wiwi kamar wanda ke yi ma budurwa. Abin haushin shi ne kiɗan ta na cikin mafi daɗi da suka taɓa yi, sau ɗaya za ka ji ya manne. Amma ni ina zaune a garin da nake ganin yaran da muka yi makarantar allo tare sun koma ba su san inda kan su yake ba, wiwi, sholisho, tiramol, kodin ɗin da sai a 2018 gwamnati ta hana, ina ganin iyayen su mata suna yawon neman magani. Ba zan iya jin wannan waƙar in yi murmushi ba. In yaran shagona na nan tsallake ta nake, ba don suna jin Turancin ba, tarin kaɗai ya ishe su gane zancen.

Akwai kuma Orchid da Solitude, masu sanyi. Orchid minti ɗaya da rabi ce jita ce mara wuta, Solitude kuma Iommi ne ke busa sarewa da fiyano, Ozzy ya sauke murya har mutane da yawa suka ɗauka ba shi ba ne Bill Ward ne. Wasu na cewa cike gurbi ne, ni ban yarda ba, kuma dalilina na sana'a ne. Kunne gajiya yake, in ka ɗora mashi ƙara ba hutu bayan ɗan lokaci ya daina jin ta a matsayin ƙara, amma ka ba shi minti ɗaya da rabi na Orchid ya saki jiki, sai Lord of This World ta faɗo mashi, nan ne za ka ji nauyin ya ninka alhali ba a taɓa boliyom ba. Wannan ne abin da DJ ɗin mu na biki suka kasa ganewa, tun daga kamu har a watse komai a ja yake, mikisa na kuka amfilifaya na kuka, babu hawa babu sauka, washegari a kawo mani wufa ta ƙone a ce wai kayan ne ba su da kyau. Ni dai kasuwa ta ce, amma kunnen jama'a fa.

Ba wai ba shi da aibi ba. Gangunan an naɗe su a dushe, musamman ƙaramar ta tsakiya, ba ta da tsawa, kuma Bill Ward mutum ne da ya taso da jazz hannun shi na da lilo mai daɗi wanda ya cancanci a ji shi fiye da haka. Muryar Ozzy kuma ba murya ce ta gwaninta ba, siririya ce ta hanci, sau da yawa bin jitar kawai yake duk inda ta je. Sai dai a nan hakan ya yi amfani, don da mai babbar murya aka sa da sun yi ta kokawa da jitar a ƙasa, shi kau yana can sama shi kaɗai kamar mai neman agaji.

Masu sharhin jaridun lokacin ba su so shi ba, da ma tun albam na farko suke zagin su da cewa kiɗan jahilai ne, amma ya kai na 5 a Ingila, na 8 a Amurka, kuma a Amurka kaɗai ya haura kwafi miliyan 2. Abin da ya fi wannan shi ne zuriyar da ya bari, duk salon da ake ce ma doom da stoner a cikin metal, wato irin wannan kiɗan jita mai nauyi, daga nan ya fito, su Saint Vitus, Candlemass, Sleep, Kyuss, Electric Wizard, har 'yan Seattle irin su Soundgarden, yau kuma sauke jita ƙasa ya zama ruwan dare a metal, yara masu yatsu goma lafiyayyu suna kwaikwayon dabarar da mai yatsu guntaye ya yi don ya rage zafi. Kuma kada a ce abin na nesa ne, nan maƙwabtan mu Nijar akwai Mdou Moctar, shi ma bahago, wanda jitar shi ta farko da kan shi ya haɗa da wayar birkin keke, waƙoƙin shi ta memori da bulutut suka fara yawo waya zuwa waya kafin Turawa su san shi. Salon shi daban ne, nashi sama yake tashi yana walƙiya na Iommi ƙasa yake nutsewa, amma in mutum ya iya zama ya ji jitar Agadas an ƙure ta to rabin hanya ya riga ya yi.

Wani abokina da muka yi poli tare, shi ya fi ni nisa a harkar ma, kullum musun mu ɗaya, shi albam ɗin su Vol. 4 na 1972 ne gwanin shi, wai ya fi faɗi ya fi dabaru. Nakan ce mashi mutumina faɗin nan ai shi ne matsalar. A Los Angeles suka yi shi cikin wani katafaren gida, kuɗi sun zo, hodar iblis ta shigo har waƙa suka yi mata, akwai manyan waƙoƙi a ciki ban musa ba amma hankalin ya fara rabuwa, kuma wannan hanyar ce ta kai su har aka kori Ozzy a 1979 aka ɗauko Ronnie James Dio. Master of Reality shi ne na ƙarshe da suka yi suna 'yan Aston sosai, abu ɗaya suka nufa kuma shi suka yi.

Ranar 5 ga Yuli 2025 su huɗun na asali suka sake hawa dandali a Villa Park, filin ƙwallon Aston Villa, cikin unguwar da suka tashi, Ozzy a zaune kan kujera saboda ciwon Parkinson ya hana shi tsayuwa, Bill Ward yana da shekara 77 yana dukan ganguna. Ranar 22 ga watan Ozzy ya mutu yana da 76. Waƙa huɗu suka yi a wannan daren, War Pigs, N.I.B., Iron Man da Paranoid, duk daga albam biyun farko, ko ɗaya babu daga Master of Reality, sai wasu ƙungiyoyin ne suka taɓo shi tun da rana, kamar Lamb of God da suka yi Children of the Grave. Na fahimci dalili, tsofaffi ne marasa lafiya kuma dole su ba jama'a abin da kowa ya haddace, amma da ni aka tambaya da na cire N.I.B. na sa Into the Void.